Shaidar da ake wankewa kullum a ɗakunan gwajin Jigawa

A ƙarshen watan Agusta, lokacin da gero ya fitar da kai a gonakin Kiyawa da Jahun, sauro kuma ya samu kududdufi a kowace unguwa, layin da ya fi tsawo a asibiti shi ne na ƙofar lab. Uwa ta miƙa yatsan ɗanta, a tsira masa 'yar allura, a shafa ɗigon jini a kan gilashi, a ce ta zauna ta jira. Can a miƙo mata takarda. "Fulos biyu ne, Hajiya, ki koma wajen likita." Ta saɓa yaro ta wuce. Abin da ke cikin wannan ɗigon jini mutum ɗaya tak ya gan shi, wato ma'aikacin da ya ɗora idonsa a kan madubin likita. Likitan da zai rubuta magani bai gani ba, shugaban sashen bai gani ba. Da yamma, a wurare da yawa, a jiƙa gilasan a ruwan omo, a wanke, a shanya, gobe a shafa jinin wani. Shaidar ta bi lambatu.

Wannan ba zargin ma'aikatan lab ba ne. Akasarinsu suna aiki fiye da ƙima, da madubi ɗaya, da wutar da ke zuwa in ta ga dama. Amma aikin da babu mai iya dubawa bayan an gama shi, wanda ya ƙware ba ya samun yabo a kansa, wanda ke kuskure kuma zai shekara goma yana maimaita kuskurensa bai sani ba. Maganin wani ɓangare na wannan matsala yana cikin aljihun ma'aikacin: kyamarar wayarsa, ko wata ƙaramar kyamara irin wadda masu hoton biki suka daina yayi, a ɗaure ta a bakin madubin ta ɗauki abin da ido ya gani.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina ba da maganin maleriya da ka, sai an gwada jini an tabbatar. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, don haka maganar ta fi shafar mu. Gwajin gaggawa na tsinken roba, wanda ke nuna layi ɗaya ko biyu cikin mintuna 15 zuwa 20, ya sauƙaƙa aiki a ƙananan asibitocin ƙauye, amma yana da iyaka. Ba ya ƙirga yawan ƙwayoyin cutar, kuma yakan ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan mutum ya warke. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna tazarar a fili: a cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsinken ya nuna kusan kashi 40 cikin ɗari suna da cutar, madubi ya nuna kashi 22. Saboda haka madubi na nan daram, musamman ga yaron da aka kwantar yana suma, wanda likita ke son sanin ko ƙwayoyin na raguwa bayan allura. Haka ma tarin fuka. Na'urar GeneXpert ta karɓi aikin gano cutar a manyan cibiyoyi, amma duba majina don ganin ko magani na ci, a wata na biyu da na biyar da ƙarshen magani, har yanzu aikin madubi ne.

Damuwar cewa ido ɗaya ne shaida ta girmi Najeriya. Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya fara ganin ƙananan halittu a cikin ɗigon ruwa a shekarun 1670. Bai iya zane ba, sai ya riƙa ɗaukar masu zane su leƙa su zana masa, sannan ya tara dattawan gari su leƙa su sa hannu a takarda cewa sun gani, don masanan Landan su yarda. Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa, ya ga ƙwayar maleriya tana motsi a jinin wani soja a garin Constantine na Aljeriya a watan Nuwamban 1880. Zane kawai ya iya nunawa, kuma manyan masana suka yi shekaru suna cewa lalatattun ƙwayoyin jini ne ya gani. Robert Koch, Bajamushen da ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, shi ya fi kowa jin haushin zane. Ƙorafinsa shi ne zane yakan fito ya fi abin da aka gani kyau, domin hannu na bin abin da zuciya ta riga ta yarda da shi. A 1877 ya wallafa hotunan ƙwayoyin bakteriya da ya ɗauka ta madubi, da wata ƙatuwar kyamara da hasken rana. Gani ya kori ji, kuma daga nan aka fara musu a kan hoto ɗaya da kowa ke kallo.

Shekara ɗari da ɗoriya bayan Koch, ɗaukar irin wannan hoto ya ci gaba da zama aikin masu hali. Ana buƙatar madubi mai bututu na uku a sama da kyamara ta musamman, kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti. Abin ya canja ne da fitowar ƙananan kyamarorin dijital. A 2000 kamfanin Nikon ya fitar da Coolpix 990, mai megafiksel 3.3 kacal, kuma ba don likitoci aka yi ta ba. Amma masu aiki da madubi suka yi caa a kanta, saboda idonta ƙarami ne, zum ɗinta a ciki yake motsi ba ya turo baki waje, kuma a bakinta akwai zare mai faɗin milimita 28 da za a iya murɗa mata mahaɗi. Sai aka wayi gari ana murɗa ta a kan bututun ido, wato maleƙar madubi, ana samun hotunan da mujallun kimiyya ke karɓa.

Dalilin da ƙaramar kyamara ta fi babba a wannan aiki yana da daɗin fahimta, kuma kowane ɗalibi zai iya gwadawa. A kunna fitilar madubi, a ɗauki farar takarda mai shara-shara a riƙe ta a saman maleƙar, a riƙa ɗaga ta a hankali. Za a ga da'irar haske tana tsukewa har ta zama ɗan ɗigo mai kaifi, daga nan ta sake bajewa. Wannan ɗigon, wanda bai fi santimita ɗaya zuwa biyu daga gilashin ba, nan ne duk hasken hoton ke haɗuwa, kuma nan ƙwayar idon mutum ke tsayawa idan yana leƙe. Kyamara ma dole ƙofar haskenta ta zauna a daidai wannan wuri. Babbar kyamarar masu ɗaukar biki ƙofarta na can ciki, bayan gilasai da yawa, ba ta isowa wurin, sai hoto ya fito ɗan ƙarami a tsakiyar baƙin duhu kamar an leƙa ta rijiya. Kyamarar waya kuwa idonta bai kai ƙwayar wake ba, kuma a baki-baki yake. Ba da gangan aka yi ba, amma wayar da ake saya a kasuwar waya ta Dutse ko Farm Centre a Kano ta fi dacewa da madubi fiye da kyamarar miliyoyin naira.

Wanda ya taɓa gwadawa da hannu ya san wahalar. Hoton ya bayyana, a numfasa ya ɓace. Idan ana duba jini da babban ido mai ninki 100, wanda ake ɗiga masa mai, aka haɗa da maleƙa mai ninki 10, an ƙara girman abu sau 1,000 ke nan, kuma rawar hannu ma ta ƙaru. Shi ya sa mariƙi shi ne jigon aikin: wani ɗan maƙali da ke cafke bututun, ya riƙe wayar a tsaye a daidai tazarar. Akwai na roba da ake sayarwa ta intanet, akwai wanda ake bugawa da injin 3D, kuma kafinta ko mai walda da aka nuna masa ma'auni zai haɗa shi da katako ko guntun bututun ruwa da kusoshi biyu. Sauran ƙa'idoji ba su da yawa. A kashe filasha. A saita kaifin hoto da maɓallin madubi, a kulle na wayar don kada ta riƙa farauta. A ɗan ja zum har baƙin gefen ya fita. A sa agogon kyamara na daƙiƙa biyu ko uku, don taɓa allo kaɗai na girgiza hoto. Wayoyi masu ido uku suna da wata fitina: sukan sauya ido da kansu idan suka ji abu ya matso, sai allo ya yi baƙi, mutum ya zaci madubin ne ya lalace.

Kada kuma a ruɗu da yawan megafiksel. Tun 1873 Ernst Abbe ya lissafa cewa madubin haske ba ya rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kusan kashi ɗaya cikin biyar na maikiron, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Jar ƙwayar jini faɗinta maikiron 7 zuwa 8. Abin da gilashin madubi bai kawo ba, kyamara mai megafiksel 108 ba za ta ƙirƙiro shi ba. Tsohuwar waya mai megafiksel biyar ko takwas ta wadatar, in dai an goge gilasai. Ƙurar hunturu da fumfunar damina su suka fi ɓata hoto a wannan yanki.

An gwada abin a wurare masu kama da namu. A 2009 ɗakin binciken Daniel Fletcher a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna cewa wayar Nokia N73, mai megafiksel 3.2, idan an haɗa ta da gilasan madubi, na iya ɗaukar ƙwayar maleriya da jinin sikila da ƙwayar tarin fuka. Daga wannan aiki aka ƙera na'urar da aka kai gundumar Okola ta Kamaru a 2015, aka gwada jinin mutum fiye da 16,000 da ita don ware masu tsutsar Loa da yawa a jini, waɗanda maganin makantar kogi ke iya yi wa mummunan lahani. A Jami'ar Makerere ta Uganda, Rose Nakasi da abokan aikinta sun buga mariƙin waya da injin 3D, suka ɗora a madubin asibitocin Kampala, suka tara hotunan jini don koya wa kwamfuta gane maleriya. Sai dai akwai darasi na daban daga tsibirin Pemba na Tanzaniya. A 2013 likita Isaac Bogoch ya manna ɗan ƙwallon gilashi a idon iPhone da salatif, ba tare da madubi ba, ya duba bayan-gidan 'yan makaranta. Ya kama kusan kashi 70 cikin ɗari na masu tsutsar ciki, amma ƙwan tsutsa mai ƙugiya, wadda ke shan jini, kashi 14 kawai ya gano. Wayar ita kaɗai ba ta isa ba. A kan madubi na gaske take da amfani, kuma madubin na nan a asibitocinmu.

To me Jigawa za ta yi da shi? Abu na farko shi ne duba aikin juna. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kowane lab ya ware gilasai goma a wata, biyar masu cutar kaɗan, biyar da aka ce babu, a kai wa wani ƙwararre ya sake dubawa bai san amsar farko ba. Jiha mai ƙananan hukumomi 27, daga Gwaram zuwa Birniwa, kwashe gilasai a mota kowane wata aiki ne mai cin mai da alawus, kuma irin aikin da ke tsayawa ranar da kuɗin masu tallafi ya ƙare. Hoto ba zai maye gurbin wannan gaba ɗaya ba, amma zai cike giɓin da ke tsakani. Idan ma'aikaci a Miga ya rubuta fulos uku, ya ɗauki hoto uku na filin da ya gani, ya ajiye da lambar gwajin. Mai duba a Dutse zai gane cikin minti ɗaya ko ƙwayar maleriya ce, ko dattin rinin Giemsa ne da ba a tace ba, ko ƙananan ƙwayoyin daskarar da jini ne da suka hau kan jar ƙwaya, wanda shi ne kuskuren da sababbin hannu suka fi yi. Zai kuma gane daga launin hoton ko ruwan da aka haɗa rinin ya kauce daga ma'aunin 7.2 da ake so.

Na biyu shi ne neman shawara. Jigawa na da Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga Asibitin Malam Aminu Kano a maƙwabta. Masana jini da masana tsoka 'yan ƙalilan ne, kuma a waɗannan wurare suke. Yau idan ma'aikaci a ƙaramin asibiti ya ga wasu fararen ƙwayoyin jini da bai gane ba a jinin yaro mai yawan zazzaɓi, zaɓinsa biyu ne: ya yi shiru, ko a ce wa uban yaro ya nemi kuɗin mota ya bi ta Gaya da Wudil zuwa Kano. Da hoto, masani zai iya cewa a turo shi yau, ko ya ce ba komai ba ne, a ci gaba da magani a nan. Ko wanne ya faɗa, an rage wa talaka asara.

Koyarwa ita ce inda ribar ta fi saurin fitowa. A Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da kwalejin kimiyyar lafiya ta Jahun, da kwalejin fasaha ta jiha, da makarantun sakandaren kimiyya, kowa ya san yadda darasin madubi ke gudana a ƙasar nan: ɗalibai sun yi layi, kowa ya leƙa na daƙiƙa goma, malam ya ce ka gani, ɗalibi ya ce na gani, alhali gashin idonsa ya gani. Waya a kan mariƙi na mai da maleƙar mutum ɗaya allon mutum goma, malam ya sa yatsa ya nuna. In an haɗa da talabijin, aji guda ne. Kuma a shekara biyu makaranta za ta tara kundin hotunan cututtukan yankinta, da rinin da ake samu a nan, maimakon hotunan littattafan Ingila masu tsabta kamar ba jinin mutum ba.

Akwai kuma tsargiya. A garuruwan da ke bin kogin Haɗeja, irin su Ringim da Taura da Auyo, da ƙauyukan da ke kewaye da madatsun ruwa kamar Warwade kusa da Dutse, yara maza na wanka da su a ruwan da katantanwa ke zaune, kuma har yanzu akwai iyayen da ke ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar girma. Ƙwan tsutsar, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, babba ne a ma'aunin madubi, ya haura maikiron 100, da ƙaya a gindinsa, kuma da ƙaramin ido mai ninki 10 ake ganinsa. Babu abin da ya fi shi sauƙin ɗauka a hoto. Uban da aka nuna wa wannan ƙwai a allon waya, aka ce daga fitsarin ɗanka ya fito, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba ranar da aka zo rabon ƙwayar praziquantel a makaranta. Malaman dabbobi masu duba jinin shanu don sammore, a jihar da ke da kasuwar Maigatari, da masu binciken dabino a tashar NIFOR ta Dutse, su ma mariƙin nan ɗaya zai yi musu.

Masu adawa da wannan shawara suna da hujjoji, kuma wasu na da nauyi. Mafi ƙarfi ita ce ba a ɗaukar hoton babu. Kafin a ce jini ba shi da maleriya sai an duba fili aƙalla 100 a kan gilashi, hoto kuwa fili ɗaya ne, wanda mai ɗauka ya zaɓa. Malalacin da ya duba fili biyar ya rubuta babu, hoto ba zai tona shi ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa kai gilasai ba zai mutu ba. Hujja ta biyu, wayoyin zamani na gyara hoto da kansu, su ƙara kaifi su canja launi, har ɗigon datti ya yi kama da ƙwayar cuta. WhatsApp kuma na matse hoto in ba a tura shi a matsayin fayil ba. Waɗannan horo na yini ɗaya na maganinsu.

Ta uku ta fi tayar da hankali. Ranar da kowane mai kemis ya ji cewa waya na ganin maleriya, za a ga madubi a bayan kanta da yaron shago yana tura hoto wa wani oga a Kano. Dokar 2003 da ta kafa majalisar kula da aikin kimiyyar lab ta ƙasa ta fayyace wanda ke da izinin wannan aiki, kuma kyamara ba ta ba kowa lasisi. Manhajojin da ake tallatawa cewa suna ƙirga ƙwayoyin cuta da kansu ma, akasarinsu suna matakin gwaji, bai kamata a rubuta wa yaro magani da maganarsu kaɗai ba. Sannan ga sirrin majiyyaci. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da dokar kare bayanai ta 2023 duk sun hana fallasa shi. Hoton ƙwayar jini ba ya nuna fuska, amma in takardar gwaji mai suna ta shiga gefen hoton, ko aka rubuta sunan a ƙasa aka jefa a zauren WhatsApp mai mutum 200, an tona asirin matar wani a gari irin Dutse da kowa ya san kowa. Lamba kawai ya kamata ta bi hoto, kuma wayar ta zama ta asibiti, tana kwana a lab, ba wadda ma'aikaci zai kai gida yara su yi wasa da ita ba.

Haɗarin da mai wannan rubutu ya fi tsoro shi ne na kwangila. Da zarar shawara irin wannan ta shiga ofis, sai ta fito da riga: a sayo madubai masu allo daga waje, a yi bikin ƙaddamarwa, bayan shekara biyu manhajar ta ƙi buɗewa, kamfanin ya ɓace, a rufe su da leda a sito. Jihar da ta yi saurin rungumar intanet tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, ta kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, tana da matasan da za su ƙera mariƙi su kuma tsara ma'ajiyar hotuna. Kayan aikin su ne masu araha a wannan lissafi. Abin da zai ci kuɗi shi ne mutumin da ke ɗaya ɓangaren: ƙwararre biyu ko uku da za a rage musu wani aiki, a biya su, a ɗora musu alhakin amsa kowane hoto kafin a tashi aiki. In babu su, hotuna za su taru a waya kamar hotunan suna.

Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa ba ta buƙatar jiran Abuja ko masu tallafi a kan wannan. Ta zaɓi manyan asibitoci biyar, a ce Dutse da Jahun da Ringim da Birnin Kudu da Kafin Hausa, ta ba kowanne waya ɗaya da mariƙi biyu da takardar ƙa'ida mai shafi ɗaya, ta naɗa masu dubawa a Rasheed Shekoni, a gwada damina guda. A ƙarshen Oktoba a zauna a ƙirga sau nawa mai duba ya yarda da abin da aka rubuta, sau nawa ya saɓa, a buga adadin kowa ya gani. A fara shirin tun rani, kafin ruwan farko ya sauka.